Igiyar Awon Katifa

Bayan Tasha,
Malumfashi.
9 ga Nuwamba.

Zuwa ga 'yata Mansura,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai tarin yawa, tare da kewa wadda ta fi gaisuwar yawa. Ina fata takardar nan ta same ki lafiya, ke da babanki Jibo da duk mutanen gidan Dandume. Yaya aikin kaka? Ki gaishe da Kulu da ƙannenki. Ni lafiya lau nake, in ban da gwiwar nan da kika sani, da kuma gidan da ya yi mini girma tun da kika tafi.

Na san za ki yi dariya ki ce Goggo ta koma zamanin gidan waya alhali ga salula a hannunta. Dalili ne ya sa. Duk sanda na kira ki sai in ji motsin mutane a bayanki, ke kuma kina ta "e, to, e, to" kamar wadda ake tuhuma. Takarda kuwa ke kaɗai za ki karanta. Na ba direban Funtua, ya ce zai miƙa wa masu motar Dandume.

Ranar da kika gaya mini sunanki ya fito, na rangaɗa guɗa ni kaɗai a tsakar gida har akuyar nan ta tsinke igiya. Jami'ar da na yi shekara ashirin da biyu ina aikin fota, wato tsaron ƙofa, a ɗakin kwanan 'yan mata, ina yawo da damin makullai a ƙugu, yau ga 'yata za ta shiga ta ƙofar nan a matsayin ɗaliba. Kika ce takardar gadonki ta nuna Bulok na Uku, ɗaki na sha huɗu, gadon sama. Wannan ɗakin na san shi kamar yunwar cikina. Kina shekara bakwai na yi ritaya muka dawo nan, don haka ba za ki tuna komai ba sai bishiyar mangwaron bakin ƙofa. Ki natsu ki karanta.

Takarda za ta ce ku takwas ne a ɗakin. Kada ki yarda da ita. Kafin sati uku za ku kai goma sha uku, saboda 'yan raɓe, wato waɗanda ba su samu gado ba suka laɓe wajen ƙawayensu. Kada ki kai ƙarar kowa, don ba ki san abin da baɗi za ta zo miki da shi ba. Amma kada ki bar wata ta raɓe a naki, gadon sama ba ya ɗaukar mutum biyu.

Tagarku tana kallon famfo, wannan sa'a ce. Ruwa yana zuwa bayan sallar asuba, kafin hantsi ya ɗauke. Ki tafi da bokiti biyu, ki rubuta sunanki da fenti a jiki da kuma a gindi, domin na jiki kankarewa ake yi. Na raba faɗan bokiti ya fi a ƙirga, har da wanda 'yar wani babban mutum ta ciji 'yar mai sayar da ƙosai, kuma bokitin ba na ɗayansu ba ne.

Lokarki ki sa mata kwaɗo biyu. Satin farko kowa ƙawarki ce, musamman in aka ji ƙamshin yajinki da ƙuli-ƙuli. Ki bayar, ban ce ki yi rowa ba, amma ki ɗiba da cokali ki ba mutum, kada ki miƙa gwangwanin. Girki a baranda ake yi da risho. Duk abin girki na lantarki ƙwacewa ake yi, ni da hannuna na cika sito da su. Banɗaki kuma ki riƙa zuwa da wuri, da silifas a ƙafarki ko da wuta ake yi. Fotoci ki gaishe su safe da yamma, su ne za su san ba ki da lafiya kafin malamanki su san sunanki. Aminiyata Tsohuwa tana nan har yanzu a bakin ƙofar, ki durƙusa mata yadda kike durƙusa mini.

Sai maganar gado. Ƙarfe za a ba ki tsirara, babu katifa. Tsawonsa ƙafa shida, faɗinsa biyu da rabi, kuma na sama ba shi da abin tarewa sai wani ɗan guntun ƙarfe wajen kai. Wannan kada ki sa kowa wahala. Na riga na je wurin Malam Shitu mai katifa, ya yanka miki ta soso daidai awo, na sa ya naɗe ta da leda mai kauri saboda kuɗin cizo. Tana nan jingine a ɗakinki, kullum sai na kakkaɓe ta.

Yanzu bari in faɗi abin da ke cina. Ranar Talata da muke waya, na ji wata ta yi magana a bayanki, kika juya kika ce, "Na'am, Umma." Mansura, yaushe Kulu ta zama Umma? Shekara goma sha bakwai kina ce mata Yaya Kulu. Ita ma ko sunanki ba ta iya faɗa saboda kunyar 'yar fari, sai dai ta ce 'yar Malumfashi. Takardar shaidar ƙaramar hukuma kika je karɓa a Dandume, kika ce mini sati biyu, yau wata uku ke nan. Ban ce ba ita ta haife ki ba. Amma ni aka kawo wa ke yaye da ɗan kwanon kununki, ni na goya ki na tsaya da ke a bakin ƙofar 'yan mata, ni na yi jinyar ƙyandarki. Kishi nake yi, kuma ba zan ɓoye miki ba.

Ki dawo gida ko da kwana goma ne kafin tafiyar, mu soya miki nama, mu daka yaji. Allah ya yi miki albarka. Wassalam.

Ni ce Goggonki,
Rabi'atu.


Bayan Tasha,
Malumfashi.
2 ga Disamba.

Zuwa ga aminiyata Tsohuwa,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, yaya aiki, yaya 'yan matanki masu taurin kai? Yaya jikin 'yar taki mai ciki, Allah ya raba lafiya. Ki gaishe mini da duk wanda ya rage cikin tsofaffin fotoci, in akwai saura.

Kin riga kin ji Mansurata za ta zo hannunki a watan Janairu. Amana ce na ba ki. Amma ba wannan ya sa na ɗauki biro ba. Wata magana ce da ba zan iya faɗa a waya ba, don na san halinki, za ki katse ni da salati kafin in kai ƙarshe.

Kin tuna Kulu, matar ƙanena Jibo, uwar da ta haifi yarinyar? Wannan shiru-shirun da ta zo sau ɗaya ta kasa haɗa ido da ke. To, ashe shirun na aiki ne. Mansura ta aiko mini cewa wai Kulu katifa take yi mata, ta auduga, da hannunta. Wai tun farkon damina ta ware kunya goma sha biyu a gayaunarta ta shuka auduga, ba ta gaya wa kowa dalili ba. Da kaka ta yi ta tsince ta ita kaɗai, ta hana a kai Funtua a sayar. Yanzu kullum tana zaune tana gurzawa tana fitar da angurya, ta shiɓe ta da bakan shiɓa har gashin girarta ya yi fari. Mansura ta rubuta mini wannan da wani irin ɗoki, layi bakwai cur a kan auduga. Katifar sosona kuwa layi ɗaya ta samu, "Na gode Goggo."

Ki duba mini wannan al'amari. Wa ke kai katifar auduga jami'a a wannan zamani? Ga nauyi, ga riƙe ƙura, in kuɗin cizo ya shige ta sai dai a ƙone. Amma na san 'yar da na rena. In aka ajiye mata biyun nan, ta audugar za ta ɗauka, don a ce uwa ta sha wahala. Shekara huɗu za ta yi tana kwana a kan aikin hannun Kulu, tana shaƙar ƙamshin gayaunar Dandume, tawa kuma ta zama abin zaman baƙi.

Sai ga saƙo wai Kulu tana roƙona in aiko mata awon gadon, tunda ni ce na san shi. Ita ba ta san ƙafa da inci ba, da kamu da taƙi take awo, don haka ta ce in ƙulla mata a igiya. Na samo igiyar rama, na ƙulla tsawo daidai, ƙafa shida. Da na zo ƙullin faɗi, Tsohuwa, hannuna ya tsaya a inda ya kamata, na gan shi da idona ya tsaya. Sai na zarce, na ƙara taƙi guda da rabi, na ƙulle tamau. Na naɗe igiyar na sa a ambulan na liƙe, na rubuta a baya cewa a ba Kulu a hannunta.

Kada ki fara. Na san abin da za ki ce. Ba wanda zai cutu. Ga yadda za a yi: ranar da suka iso, ke kina bakin ƙofa, ki dubi katifar ki ce ta yi faɗi, doka ba ta yarda ba, a kai sito. Gaskiya za ki faɗa, ba ƙarya na sa ki ba. Yarinya ta shimfiɗa ta soso, in aka yi hutu a mayar wa Kulu tata ta sa wa baƙi. Ita ta samu ladan niyya, ni na samu 'yata.

In kin ga da hali, ki nema mata canji zuwa gadon ƙasa, ko da nan gaba ne. Yarinyar ba ta saba hawa sama ba. Na sa miki daddawa da kuka a ledar da ke tare da takardar nan, ba toshiyar baki ba ce, amma in ta toshe ba laifi.

Ki huta lafiya.

Taki har kullum,
Rabi'atu.


Bayan Tasha,
Malumfashi.
19 ga Janairu.

Zuwa ga aminiyata Tsohuwa,

Assalamu alaikum. Ina yi miki barka da samun jika, Allah ya raya, ya ba mai jego lafiya. Ki yafe mini, jiya da kika kira ko barkar ban yi miki ba, na kashe waya kina cikin magana.

Ban ga laifinki ba. Haihuwa ba ta sallama, dole ki tafi Danja ranar da suka iso. Sabuwar fotar da ta bar su suka shige da katifar ita ma ba ta san komai ba. Laifin yana nan Malumfashi, a Bayan Tasha, yana rubuta miki takarda.

Bari in gaya miki abin da ban faɗa ba. Mansura ba ta zo mini kwana goman da na roƙa ba. Ranar tafiya suka biyo ta nan da hantsi, ita da babanta, a motar da ya ɗauko shata. Kulu ba ta zo ba, kin san ba za ta raka 'yar fari a idon mutane ba. Katifar na ɗaure a saman mota. Na fito da shirin in taɓe baki, sai na kasa. An rufe ta da atamfa shuɗiya sabuwa, an bi ta da basilla layi-layi, kowane ɗinki daidai da ɗan'uwansa, kai ka ce da ma'auni aka yi. Na danna ta da hannu, ta lotsa ta dawo. Ban taɓa ganin aiki irin wannan ba, kuma haushin hakan ya ƙara kama ni.

Direba ya ɗauko tawa ya ɗora a kai. Nan fa kowa ya ga bambanci, ta audugar ta leƙo ta gefe taƙi guda da rabi. Jibo ya ce lallai Kulu ta cika hannu, ya yi dariya. Mansura ba ta yi dariya ba. Ta dubi katifun, ta dube ni, ta sunkuyar da kai. A takardata ta farko na rubuta mata awon gaskiya da lamba, kuma ita ta kai wa Kulu ambulan ɗin igiyar. Na sha jinin jikina, amma na yi ta maza, na shiga yi mata faɗan kada ta manta da kwaɗon loka.

Sauran ke kika gaya mini, amma bari in maimaita don in tabbatar kunnena bai yi ƙarya ba. Kika ce ba ta zaɓi ko ɗaya ba. Ta shimfiɗa tawa a kan ƙarfen, ta ɗora ta Kulu a kai, gefen yana reto a iska. A rana ta biyu ta dawo daga rajista da la'asar, ta hau, ta ɗora gwiwa a gefen da ba komai a ƙarƙashinsa. Ledar da na sa Malam Shitu ya naɗe tawa da ita ga santsi, sai ta saman ta zame da ita gaba ɗaya har ƙasa. Ƙashin wuyan hannunta na hagu ya tsage. Igiyata ce ta yi faɗin, ledata ce ta yi santsin.

Kika ce da kika dawo kin same ta a asibitin makaranta, kika yi mata faɗa don me za ta haɗa katifa biyu a gadon sama. Ta ce miki, "Baba Tsohuwa, in na cire ɗaya, wacce zan cire?" Sannan ta roƙe ki kada ki gaya mini ta gane komai, wai kada in ji kunya.

Da safen nan Jibo ya kira. Wai Kulu ta shige ɗaki tana kuka, tana cewa ita ce jahilar da ta kasa karanta ƙullin igiya, ta karya 'yar mutane. 'Yar mutane fa ta ce, Tsohuwa.

Na gode da kika sauko da ita gadon ƙasa. Ki taimake ni da abu ɗaya. Ki ɗaure katifar audugar ki ba direban da ya kawo miki wannan takarda, ya sauke mini ita a tashar Funtua ranar Litinin. Zan jira ta a can.

Wassalam.

Aminiyarki mai jin kunya,
Rabi'atu.


Dandume.
26 ga Janairu.

Zuwa ga 'yata Mansura,

Assalamu alaikum. Gaisuwa da sannu, da sannu, da ƙarin sannu. Yaya hannun? Ina fata zogin ya ragu, kuma kina shan maganin a kan lokaci ba sai an bi ki ba. Yaya 'yan ɗakinku? Tsohuwa ta ce wata 'yar Tsiga ce ke ɗebo miki ruwa tana yi miki wanki, ki gaishe ta, ki buɗe mata gwangwanin yajin gaba ɗaya, na janye maganar cokali. Babanki da ƙannenki suna gaishe ki. Har yanzu ina Dandume, daga nan nake rubuto miki.

Tsohuwa ba ta riƙe sirrinki ba, kada ki ji haushinta, ba ta taɓa riƙe na kowa ba. Na san kin gane. Duk da haka zan faɗa da bakina, don abin da aka gane daban, abin da aka amsa daban. Ni na ƙara faɗin igiyar nan, da gangan, ido buɗe. Na so a hana katifar Kulu shiga, ki kwana a kan tawa. Ban nufe ki da ciwo ba, amma na nufi matar da ba ta taɓa yi mini komai ba da baƙin ciki, kuma ke kika faɗo a tsakani. Ki yafe mini.

Ranar Litinin na karɓi katifar a tashar Funtua na hau motar Dandume da ita. Na shiga gidanku ana sallar azahar, ɗan acaɓa na biye da ni da kaya a ka. Kulu na ganin katifar ta durƙusa ta fara ba ni haƙuri. Ta rame, Mansura, tafin hannunta duk kanta saboda gurza. Na ce ta tashi mu shiga ɗaki. Na zauna a bakin gadonta na gaya mata komai, ban rage ko ƙulli ɗaya ba. Na shirya wa zagi, na shirya wa kuka, har na shirya ta kira babanki ya kore ni.

Sai ta miƙe ta buɗe akwatinta, ta ɗaga zannuwan fitarta, ta ciro igiyar. A can ƙasa ta ajiye ta, naɗe a cikin ɗankwali. Ta ce ita ma da ta auna da kamu ta ga faɗin ya yi yawa ga gadon mutum ɗaya, har ta yi niyyar aikowa ta tambaya. Sannan ta ce, "Sai na ce ko mai juyi ce a barci, shi ya sa Yaya ta ƙara mata. Ke kika san kwanciyarta. Ni rabona da ganin barcinta tun ranar da aka kai miki ita."

Na ce ai wata biyar kika yi a gidan nan. Ta ce a ɗakin 'yan mata kike kwana, kuma sau da yawa ta zo har bakin labule da safe ta juya, kunya ba ta bar ta ta ɗaga ba. Shekara goma sha bakwai ina tashinki sallar asuba, ina ja miki bargo, ina yi miki tsawa kan kin cika barci, ban taɓa ɗaukar hakan wani abu ba. Ashe akwai wadda igiya kawai ta samu, ita ma ta ƙarya.

Ba ta ce ta yafe ba, ba ta ce ba ta yafe ba. Reza ta ɗauko ta miƙo mini, ta ce in nuna mata inda za a yanke. Muka baje katifar a tabarma a tsakar gida. Na auna ƙafa biyu da rabi da tef ɗin telan maƙwabta, na sa ƙaninki ya karanta lambar da ƙarfi kowa ya ji. Muka farke gefen, muka kwashe audugar da ta yi yawa, muka sake ɗinkewa, ita daga kai ni daga ƙafa. Kwana biyu muka yi. In kin duba za ki gane inda na ɗinka, shi ne wanda ya karkace kamar hanyar shanu.

Muna ɗinki tana tambayata, a hankali, idonta a kan basilla. Na gaya mata ba kya juyi ko kaɗan, inda kika kwanta nan kike tashi. Na ce a gefen hagu kike kwanciya, ki naɗe gwiwa, ki tura hannu ƙarƙashin kumatu. Na ce ko sanyi ya kai yaya sai kin fitar da ƙafa ɗaya daga bargo, kuma in kina mafarki kina motsa baki kamar mai tauna. Ta yi dariya ta ce babanki ma haka yake fitar da ƙafa. Daga nan ta juya mini baya ta daɗe tana neman zaren da ke kan cinyarta.

Audugar da ta ragu ta isa matashi. Kulu ta ce ni zan ɗinka shi, na ce a'a, ta ce to ba za a yi ba. Na ɗinka. Yana cikin katifar a naɗe, direba zai kawo wa Tsohuwa gobe. Ki cire ta soson ki ba wata 'yar raɓe da ke kwana a tabarma, ki ce ta yage ledar. Ki shimfiɗa ta Ummanki. Kin ga na rubuta, kuma biron bai karye ba.

Kada ki ɗauka na warke. Jiya da yamma da kika kira wayar babanki kika ce a ba Umma kafin ki ce a ba Goggo, sai da na ji abin ya soke ni har ƙahon zuci. Ina jin da shi za a binne ni. Amma daga yau in ya motsa zan faɗa miki da baki, ba zan ƙara ƙulla shi a igiya ba.

Saura magana ɗaya, kuma umarni ne. In an yi hutun farko, motarku za ta biyo ta Malumfashi. Kada ki sauka. Ki wuce Dandume, ki ajiye jakarki a ɗakin Kulu, ba ɗakin 'yan mata ba. Za ta ce a'a, za ta ce mutane za su yi magana, za ta gudu madafa. Ki ce Goggo ce ta ce. Ki kwanta da wuri, ki fitar da ƙafar nan taki, ki bar ta ta kalla iya son ranta.

Kwana uku na ba ta. Rana ta huɗu ina tashar Malumfashi ina jiranki tun hantsi, kuma kin san gwiwata ba ta son tsayuwa.

Allah ya ba ki lafiya, ya ba ki abin da kika je nema, ya haɗa ki da abokan zama na gari. Wassalam.

Ni ce Goggonki, wadda ta goya ki,
Rabi'atu.